Ta yaya zan ɗauko wa Baba zancen wasiyya da takardun gida ba tare da ya ji kamar jiran mutuwarsa nake ba?

Ɗan_Yakasai
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata damuwa ce ta hana ni barci kwana biyun nan. Mahaifinmu yana da shekara 68, ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Matansa biyu, mu goma sha ɗaya ne a raye, maza shida mata biyar. Babban yayanmu ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ya bar yara uku, suna hannun Baba. Kakarmu da ta haife shi ma tana nan da ranta. Akwai gidan da muke ciki a cikin gari, wanda shi ma gadonsa ya yi, ba takarda ko ɗaya. Akwai wani gida a Hotoro da ya saya, da gona a hanyar Wudil, sai shago.

Watan jiya hawan jini ya kwantar da shi asibiti kwana tara. A kwanakin nan mutum uku ne suka same ni a ƙofar ɗakin da yake kwance. Wannan ya ce yana bin Alhaji kuɗin dila biyu ta shadda, wancan ya ce ya ba shi ajiyar kuɗi tun bara. Ban san gaskiyar ko ɗaya ba, domin komai na Baba a kansa yake, ba ya rubutu. Alhamdulillahi ya samu sauƙi ya koma kasuwa. Ina so ya gyara al'amuransa tun da ƙarfinsa, amma na kasa buɗe baki. Wace hanya zan bi? Kuma me shari'a da doka suka yarda mutum ya yi tun yana raye?

Maman_Hanif
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ƙanina, kada ka fara da kalmar gado ko kaɗan. Fara da bashi. Ka ce masa, Baba, lokacin da kake kwance mutane sun zo min da maganar kuɗi na rasa abin da zan ce musu. Ba uban da zai ji haushin wannan.

Abu_Sumayya
Gado ai Allah ya riga ya raba shi a Suratun Nisa'i. Me kuma za a tsara? Ni ina ganin wannan abin na rubuce-rubuce da lauyoyi duk kwaikwayon Turawa ne. Ka bar dattijo ya huta.

Malam_Tsangaya
Abu_Sumayya, ka faɗi rabin gaskiya. Allah ya raba kason kowa, amma bai ce a bar dukiya cikin duhu ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Kuma hadisin Abdullahi ɗan Umar yana cikin Buhari da Muslim, cewa bai kamata Musulmin da yake da abin da zai yi wasiyya a kansa ya kwana biyu ba face wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa. Tun kafin mu san Bature muke da wannan.

Idan mutum ya rasu, ana fara cire kuɗin likkafani da binnewa, sai a biya bashi, sai a zartar da wasiyya, abin da ya rage shi ne gado. To idan ba a san bashin ba, ta yaya za a san abin da ya rage? Ɗan_Yakasai, bari in nuna maka da gidanku. A ce bayan an cire komai naira miliyan 24 ta rage. Matan biyu su raba tumuni, wato ɗaya bisa takwas, miliyan 3, kowacce miliyan ɗaya da rabi. Kakarku tana da sudusi, wato ɗaya bisa shida, miliyan 4, kuma ita ce wadda aka fi mantawa da ita a irin wannan rabo. Sauran miliyan 17 a kasa gida 17, kowane namiji ya ɗauki biyu, kowace mace ɗaya. Ka duba lissafin nan da kyau, ka gaya min inda ƴaƴan marigayi yayanku suka fito.

Ɗan_Yakasai
Malam, ban gan su ba. Kana nufin ba su da komai?

Malam_Tsangaya
Ba su da gado, domin baffanninsu sun katange su. Mahaifinsu ya riga kakansu rasuwa, wanda ya riga mutuwa kuwa ba ya gadon mai rai. Amma da yake su ba magada ba ne, ƙofar wasiyya a buɗe take gare su har sulusin dukiya. Annabi (SAW) ya ce wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas sulusi, sulusin ma da yawa. A Masar tun 1946 doka ta wajabta wa irin waɗannan jikoki wasiyya ko kakan bai yi ba. Mu a nan da fiƙihun Malikiyya ake hukunci, idan Alhaji bai furta ba kuma bai rubuta ba, sai abin da baffanni suka ga dama suka bayar. Wannan kaɗai ya isa dalilin da za ka zauna da shi.

Uwar_Marayu
Wallahi Malam ka taɓo min inda yake min ciwo. Abin da ya faru da ni ke nan. Mijina ya rasu, surukina ya riƙe mu shekara shida, kullum yana cewa gidan bayan nan na yaran nan ne. A gabana yake faɗa, a gaban matansa yake faɗa. Da ya rasu aka zo rabo, aka ce in kawo shaida. Waɗanda suka ji da kunnensu su ne masu cin gadon, kowa ya sunkuyar da kai. Ranar da muka kwashe kaya, ƙaramin ɗana yana riƙe da tukunyar fulawar da ya shuka a tsakar gidan yana tambayata ko za mu dawo mu shayar da sauran. Yau shekara uku muna haya. Ban ce sun ci haram ba, amma da tsohon ya sa an rubuta layi biyu da shaidu biyu, da ba haka ba.

Maman_Hanif
Allah ya raya miki su, Yaya. Allah ya buɗa musu ta inda ba ku zata ba.

Sani_Mai_Atamfa
To ni tambayata, me zai hana Alhaji ya raba wa kowa nasa tun yanzu a huta? Maigidana haka ya yi, ya ba kowane ɗa shago.

Barista_Zazzau
Ana yi, amma sunansa kyauta, ba gado ba, domin ba a gadon mai rai. Kuma kyauta tana da sharaɗin da yake kayar da mutane da yawa a kotu, wato hauzi. Dole wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai bayarwa yana raye da lafiyarsa. Na sha ganin takardar kyauta mai kyau da sa hannun shaidu, amma mai kyautar shi ya ci gaba da karɓar kuɗin haya har ya rasu. Alƙali ya mayar da gidan cikin gado. Haka idan miji ya ce ya ba matarsa gidan da suke zaune tare, kuma bai fita daga cikinsa ba har ya mutu, a Malikiyya wannan kyautar ba ta tsaya ba. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya take ɗauka, ba ta wuce sulusi, kuma ba ta zuwa ga magaji sai sauran magada sun yarda.

Don haka Ɗan_Yakasai, idan Baba yana son ba jikokinsa gona, hanya biyu ce. Ko ya yi musu wasiyya da ita, ko ya ba su kyauta yanzu, a kira shaidu, a zagaya iyaka, a rubuta. Da yake ƙanana ne kuma a hannunsa suke, ku tambayi alƙali ko malamin da ya san Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, wa ya dace ya karɓa a madadinsu, kada a bar wannan a zato.

Malam_Tsangaya
Ƙari a kan maganar Barista. Mai raba kyauta tsakanin ƴaƴansa ya ji tsoron Allah ya daidaita. Mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya ba shi kyauta shi kaɗai, ya zo neman Annabi (SAW) ya shaida, ya tambaye shi ko duk ƴaƴansa ya ba haka, ya ce a'a, Annabi ya ƙi shaidawa. Sani_Mai_Atamfa, ka ce maigidanka ya ba kowane ɗa shago. Matan fa?

Sani_Mai_Atamfa
Gaskiya matan kuɗi aka ba su, kuma bai kai darajar shago ba. Har yanzu biyu daga cikinsu ba sa shiga gidan yayyensu.

Hajiya_Gwale
Ku dakata da maganar ƴaƴa, a yi maganar matan gida. Mace ta sayar da sarƙarta da awarwaronta ta ba miji ya ƙara jari, wata ta kwashe adashinta na shekara biyu aka yi rufin bene da shi. Ba wanda ya rubuta saboda kunya da zaman tare. Ranar rabo sai a ce duk na Alhaji ne, ta koma tumuni, tumunin ma a raba da kishiya. Ɗan_Yakasai, ka sa Baba ya tambayi iyayenku mata ɗaya bayan ɗaya, a keɓe, ko akwai abinsu a cikin dukiyarsa. Har sadakin da ba a cika ba bashi ne, kafin gado ake fitar da shi.

Ɗan_Yakasai
Hajiya, wannan gaskiya ne. Na san Ummanmu ta sayar da filin da ta gada a Dawakin Kudu lokacin gobarar da ta taɓa shagon, ta ba shi kuɗin. Ko ya mayar mata ko bai mayar ba, ban taɓa ji ba.

Ma'aikacin_Banki_KD
Bari in shigo da ɓangarenmu. Mutane suna ɗauka wanda aka rubuta sunansa a gurbin ɗan uwa mafi kusa a fom ɗin buɗe asusu shi ne mai kuɗin idan an mutu. Ba haka ba ne. Wannan mutum ne kawai da za a tuntuɓa. Da zarar banki ya samu labarin rasuwa zai rufe asusun, ba zai saki kuɗi ba sai an kawo takardar shaidar mutuwa da takardar kotu da ta ba wasu izinin kula da dukiyar mamaci. Sashen da ke kula da gadon mamata a babbar kotun jiha ne ke bayar da ita, kuma ana biyan wani kaso na kuɗin. Shaidar mutuwa kuwa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayarwa, bayan ta asibiti.

Abin da na fi gani yana wahalar da iyali shi ne bambancin suna. A asusu Muhammad Sani, a katin ɗan ƙasa Sani Mamman, a takardar fili Alhaji Sani Mai Shadda. Mai sunan yana raye, gyaran kwana kaɗan ne. Bayan ransa kuwa sai rantsuwar kotu da zirga-zirgar watanni. Sannan akwai asusun da iyali ba su ma san da shi ba. Ya rubuta sunayen bankunan da lambobin asusun a ajiye, ba sai ya faɗi nawa ne a ciki ba.

Auwal_Fagge
Mu da namu ya rasu katin cire kuɗinsa muka ɗauka, ƙanina ya san lambar, muka kwashe kafin banki ya ji. Ba kotu ba lauya.

Barista_Zazzau
Auwal, kada ka koya wa mutane wannan. Daga lokacin da rai ya fita kuɗin ya zama na magada duka, har jaririn da ke ciki. Wanda ya cire ba da izini ba zai iya samun kansa a gaban alƙali, kuma ko ba a kai ƙara ba, zargin nawa aka cire ba ya ƙarewa a gida.

Auwal_Fagge
A gaban kowa muka cire, Barista, kuma da shi aka biya masu bin bashi. Amma na ji maganarka.

Malama_Rabi_Fansho
Ga ma'aikata kuma a ƙara da fansho. Mijina malamin makaranta ne a ma'aikatar tarayya. Da ya rasu kamfanin fanshonsa sai da suka nemi takardar kotun nan da Ma'aikacin_Banki ya ambata, wata goma sha ɗaya muna kai da kawowa. Abin da ban sani ba sai da wani abokin aikinsa ya gaya min, dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Wannan daban yake da abin da ke asusun fansho. Mata da yawa ba su san su nema ba.

Ɗan_Maraɗi
Gaisuwa daga Nijar. Mu a nan bayan rasuwa iyali ke zama a fitar da wanda zai wakilci magada, a kai takardar zaman kotu ta tabbatar. Maganar gona kuma, tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin ƙasa har matakin gari, suna ba da takardar shaidar saye ko kyauta ko gado. Wanda ya yi wannan ya huta da rikicin iyaka. Amma matsalarmu ɗaya da taku, gonar kaka ba a raba ba har jikoki su kai arba'in.

Barista_Zazzau
Ɗan_Maraɗi ya tuna min. Ɗan_Yakasai, ka ce gidan cikin gari Baba gadonsa ya yi. Shi kaɗai aka haifa? An raba tsakaninsa da ƴan uwansa?

Ɗan_Yakasai
Yana da ƙanne mata biyu, ɗaya ta rasu ta bar ƴaƴa. Ba a taɓa rabawa ba. Kowa dai ya san gidan Alhaji ne saboda shi ya rushe ginin ƙasa ya yi na siminti.

Barista_Zazzau
To ka ga inda babban aikin yake. Filin gidan ba nasa ba ne shi kaɗai. Gwaggonninka suna da kaso, kakarku tana da tumuninta na matar mamaci idan da aure ya rasu ya bar ta, kason gwaggon da ta rasu kuma ya gangara ga nata magadan. Gado a kan gado ke nan. Yau mutum uku ko huɗu ne za su zauna su daidaita, a kimanta filin, ya biya su ko su yafe a rubuce. Idan aka jira, mutum talatin ne za su zauna, rabinsu ba su san juna sosai ba.

Gidan Hotoro kuma a duba sunan wa ke kan takardar mallaka. Da yawa suna sayen gida su karɓi takardar mai gidan na farko su jefa a akwati, ba su canja suna ba. Ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma sayar da fili mai takarda yana buƙatar amincewarsa. A je KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano, a bincika fayil ɗin tun wanda ya sayar yana raye, ana iya samun sa hannunsa.

Abu_Sumayya
Na ji bayanin Malam kuma na karɓa. Amma har yanzu ina tsoron wasiyyar lauya. Na ji ana rubutawa a hana wani ɗa gado gaba ɗaya.

Barista_Zazzau
Tsoronka yana da asali. A 1971 Kotun Ƙoli, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, ta tabbatar da wasiyyar wani Musulmi da ya rubuta ƙarƙashin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, duk da ta saɓa wa rabon Musulunci. Daga baya wasu jihohi irin su Kwara suka yi dokarsu da ta toshe wannan ƙofa ga Musulmi. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan wasiyya da kyauta da waƙafi da gadon Musulmi. Wasiyyar da nake rubuta wa mutane ba ta taɓa kason kowa. Tana lissafa dukiya da inda takardunta suke, da bashin da ake binsa da wanda yake bi, da ajiyar mutane, da abin da ya ware cikin sulusi, da wanda ya naɗa ya kula da ƙananan yara da dukiyarsu. Sai ta ce sauran a raba yadda Allah ya ce.

Bulus_Wusasa
Mu Kirista Hausawa abin ya ɗan bambanta. Wanda ya yi auren rajista kuma bai bar wasiyya ba, dokar gwamnati ce ke raba masa. Wanda bai yi ba sau da yawa al'ada ake bi, a nan ne ƴaƴa mata da gwauraye ke shan wuya. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2014 a shari'ar Ukeje, da ya ce al'adar hana ƴa mace gadon ubanta ta saɓa wa tsarin mulki, ya taimaka, amma sai wadda ta iya zuwa kotu.

Sani_Mai_Atamfa
Ba wanda ya yi maganar shagon. A Kwari na ga shaguna da suka mutu tare da masu su. Ana sadakar bakwai ake kulle shago, kafin a gama rabo wata takwas, kwastomomi sun koma wani layi, masu ba da kaya bashi sun janye. Dukiyar da aka kimanta da yawa sai ta dawo rabi.

Barista_Zazzau
Maganin wannan shi ne a yi wa kasuwancin rajistar kamfani mai hannun jari. Rajistar sunan kasuwanci kawai ba ta raba shi da mai shi. Kamfani kuwa yana ci gaba, hannun jarin ne ake gada. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ma yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani. Sai dai in ƴan uwa ba sa jituwa, takarda ba za ta sa su jitu ba. Wani lokaci gara ɗaya ya sayi kason sauran.

Hajiya_Gwale
Mahaifina waƙafi ya yi da gida ɗaya, ya ce duk ƴarsa ko jikarsa da aurenta ya mutu ko mijinta ya rasu ta zauna a ciki, ba a sayarwa ba a gada. Ya fita daga gidan da kansa ya miƙa makulli ga wanda ya naɗa mai kula, a gaban liman da mai unguwa. Lokacin yayyena sun yi ta gunaguni. Yau shekara goma sha tara, mu huɗu muka zauna a gidan nan a lokuta daban-daban, ni da kaina na yi shekara biyu a ɗakin da ke kusa da rijiya.

Uwar_Marayu
Allah ya jiƙan wannan uba. Ɗan_Yakasai, don Allah ko ba ka iya faɗar komai ba, ka faɗi maganar yaran yayanka.

Ɗan_Yakasai
Na gode muku duka. Jiya bayan sallar isha'i na bi shawarar Maman_Hanif, na fara da mutanen da suka zo asibiti. Ya yi shiru, sannan ya ce mai dila biyun gaskiya ya faɗa, amma mai ajiyar ya karɓi rabin kuɗinsa tun kafin azumi. Ya aike ni na sayo littafi mai bango mai kauri, muka rubuta mutum goma sha huɗu, shida suna binsa, takwas yana bin su. Da na kawo zancen yaran Yaya sai idonsa ya kawo ruwa, ya ce shi duk zatonsa kason ubansu za su ɗauka. Ya ce ranar Juma'a in kira masa limamin unguwarmu.

Maganar gidan cikin gari ce ban iya ɗaukowa ba. Shi da gwaggon tawa da ke raye sun shekara biyu ba sa doguwar magana, kuma na san da na ambaci kasonta zai ce ita ta turo ni.

Maman_Hanif
Wannan ba bakinka ba ne, ƙanina. Kakarku tana raye, ita ta haife su duka biyun. Ka je ka same ta da safe lokacin da ba kowa a ɗakin.

Malam_Tsangaya
Kuma littafin nan kada ya tsaya a rubutun hannunka kai kaɗai, kai magaji ne, gobe wani zai ce kai ka tsara. Idan liman ya zo ranar Juma'a, a karanta a gabansa da wani mutum ɗaya da ba ɗan gidan ba, Alhaji ya sa hannu a kowane shafi, su ma su sa.

Auwal_Fagge
Barista, tambaya ɗaya kafin a watse. Namu an riga an raba shekara biyar da suka wuce, yanzu wani ya fito da takardar bashi da sa hannun mahaifinmu. Wasu sun cinye nasu kason. Wa zai biya?